Kujera Ɗaya Ga Ƙasar Yauri

Jami'a, Janairu 1971

Zuwa ga ƙanwata Ladi Dudu, malama a Yelwa.

Gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da 'yan makarantarki. Yaya jikin mahaifiyarki, Inna Altine? Baba ya rubuto mini cewa tun da aka tashe su daga gungu, tsibirinsu, saboda ruwan dam ɗin Kainji, ba ta ƙara jin daɗin ƙafarta ba. Allah ya ba ta sauƙi. Mu nan lafiya lau. Matata Hadiza ta sauka, an sami 'ya mace, tana gaishe ki.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna, tunda rabonmu da haɗuwa tun kafin ki tafi karatu Kudu. Amma kakana da kakarki ciki ɗaya suka fito, saboda haka ina da ikon in dame ki, ke kuma ba ki da ikon ki ƙi saurarona.

Shekarata ta uku ke nan ina mataimakin malami a sashen nazarin halittu. Ina koyar da 'yan shekarar farko, ina kuma haɗa aikin digirina na biyu. In kika shiga ɗakin shan shayin malamai sai ki rantse ba a ba mu mulkin kai ba. Turawa ne, da Indiyawa, da mutanen Kudu, sai 'yan Arewa ƙalilan, su ma duk 'ya'yan manyan birane ne waɗanda iyayensu suka san juna. Rabin aikin sashenmu yanzu a kan kifin Kainji yake, amma babu wanda aka haifa a bakin ruwan nan sai ni. Ni ɗin ma ɗan kasuwar Yelwa ne, ko filafilin tuƙa jirgi ban iya riƙewa ba. Masu karatun digiri na biyu su ma haka, kuma babu mace ko ɗaya a cikinsu.

Bara ni da wasu abokaina biyu, ɗaya daga Zuru, ɗaya daga gefen Binuwai, muka kai kuka wurin hukumar jami'a. Mun sha baƙar magana. An ce mu masu neman alfarma ne. Wani babban malami ya ce mini ilimi ba ya tambayar garin mutum, na ce masa gaskiya ne, amma masu ɗaukar aiki suna tambaya. Daga ƙarshe dai aka kafa kwamiti, kuma makon jiya ya yanke cewa kowane sashe ya sami mutum daga yankunan da aka bari a baya, a ba shi aikin koyarwa da damar yin digiri na biyu.

Ke na fara tunawa. Digirinki ya fi nawa, kowa a dangi ya sani, ni ma ba na jin kunyar faɗa. A Gungun Tamada aka haife ki, kina jin Gunganci, kin tuƙa jirgi tun kina ƙarama. Ki haɗa takardunki ki aiko. In mun zama biyu, gobe mu zama huɗu.

Ki gaishe mini da Inna da ɗan'uwanki Dogo.

Yayanki,
Sahabi Shu'aibu

Yelwa, Fabrairu 1971

Yaya Sahabi,

Takardarka ta iso, na yi murna ƙwarai. Barka da arziki, Allah ya raya, ya ba mai jego lahiya. Ka ce ba ni da ikon in ƙi sauraronka. To ka tuna ku ne bayi a wanga wasa namu na taubasai, mu ne iyayengiji, ko da kun tara digiri goma.

Inna tana nan yau da daɗi gobe babu. Gidan siminti da anka ba su a sabon gari kusa da Wara ba ya kwantuwa da bazara, sai da Dogo ya yi mata bukka a bayansa. Ta shuka albasa shekara uku a jere, ƙasar duk tsakuwa ce, ba ta ko cika kwando. Kai ka san albasar gungunmu, har Ikko ake kai ta. Dogo kuma duk tarunsa ya ƙare a rassan itatuwan da ruwa ya shanye, yanzu yaron jirgin wasu Sarkawa ne masu inji. Mutumin da ya gaji jirgi biyu.

Mutanenku na jami'a sun zo bara da littattafansu. Sun taho da tafinta wanda bai jin Gunganci, shi yana tambaya da Hausa, tsofaffi suna ba shi amsar da sunka ga dama. Inna ta ce ta gaya masu gidan ya yi kyau, don ta ga sun gaji, rana ta yi zafi. Sunka rubuta, sunka tafi. Ran da ta ba ni labari na yi dariya, amma da na koma Yelwa abin ya tsaya mini a rai. Saboda haka kada ka zaci ban fahimci abin da kake faɗa ba.

Sai dai ina da shakka. Ni kaɗai ce malamar kimiyya a makarantar nan, in na tafi 'yan aji biyar sun shiga uku. Kowane wata nakan bi jirgi in je in ga Inna, daga wurinku kuwa sai hutu zuwa hutu. Kuma ina tambayar kaina, mutanen da ba su taɓa neman mace ba, yau me ya sa za su so ni? Anya aikina suke so?

Ka ba ni lokaci in je Wara in ji ta bakin Inna. In ta ce a'a, maganar ta mutu.

Ƙanwarka,
Ladi

Jami'a, Afrilu 1971

Ladi,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, sai jaririyar da ke fama da mura. Allah ya ƙara wa Inna sauƙi.

Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, abubuwa ne suka yi mini yawa. Shugaban sashenmu ya kira ni ofishinsa a kan maganar nan. Kujera ɗaya ce tak za a ba ƙasar Yauri a sashen, ba biyu ba. Ɗaya, Ladi. Kwantiragina kuma yana ƙarewa a watan Yuni.

Dalilan da kika kawo masu ƙarfi ne. Ki dubi jikin Inna, ki dubi 'yan makarantarki, ki yi tunani da kyau kafin ki aiko da komai. Duk abin da kika yanke ba zan ga laifinki ba.

Sahabi

Yelwa, Mayu 1971

Yaya Sahabi,

Ina gaisuwa, ina yi wa 'yata sannu da mura. Ka ce wa Hadiza ta riƙa shafa mata man shanu a maɗiga.

Na karanta takardarka na gane saƙonka sarai. Kujera ɗaya ce, masu nema suna da yawa, kuma kana son a gama komai kafin Yuni, kafin a ɗaga ka zuwa cikakken malami aiki ya yi maka yawa. Na ga har ka fara jin haushin jan ƙafata, shi ya sa ka rubuto gajeruwa haka. To na bar wasa.

Na je Wara. Na zaci Inna za ta hana, sai ta tambaye ni ko a can ne ake rubuta abin da ya shafi ruwan nan. Na ce e. Ta ce, "To tafi. In an sake zuwa tambaya, gara in ga fuskar da zan gaya wa gaskiya." Dogo ya ce zai kula da ita.

Na aika da takarduna, na kuma shaida wa shugabar makaranta ta nemi wata. Ba ta ji daɗi ba, 'yan aji biyar sun yi ta kuka. An rubuto mini in zo ganawa da masu zaɓe a ƙarshen wata mai zuwa. Gidanka zan sauka, ka tanadi nama. Allah ya saka maka da alheri. Ba kowa ne zai hau ya waiwayo ba.

Ƙanwarka,
Ladi

Yelwa, Yuli 1971

Yaya Sahabi,

Na iso gida lahiya. Ina fatan kuna lahiya kai da iyali. Ba zan tsawaita gaisuwa ba.

Tun da na sauka gidanka na ga alama, amma ban karanta ta ba. Hadiza ta ajiye mini abinci ta koma ɗaki, ko zama ba ta yi ba. Na ce gajiyar goyo ce. Da safe anka ce ka riga ka fita. Da na isa ƙofar ɗakin ganawa na tarar da kai a kan benci, da kwat, da fayil a cinya. Raina ya yi fari, na ce ga yayana ya zo rakiya. Har na tsokane ka cewa ka fi mai neman aikin yin ado. Ka yi murmushi kawai. Sai masinja ya leƙo ya kira Malam Sahabi Shu'aibu. Ka tashi ka shiga.

Na zauna a bencin nan ina jin muryarka ta bayan ƙofa, ina sake karanta takardarka ta Afrilu a cikin kaina. Sannan ne na ji ta yadda ka rubuta ta.

Da anka kira ni, tambaya biyu kawai sunka yi mini a kan kifi. Sauran duk a kan wace ƙabila ce ni, da ko da gaske a gungu anka haife ni, da ko ina da niyyar aure nan kusa. Da na ce uwata Bagungiya ce, na ga shugaban sashe ya dubi na kusa da shi ya gyaɗa kai. Na fito ba ka nan. Na koma gidanka na ɗauki akwatina, Hadiza ba ta ce in kwana ba, ni ma ban nema ba.

Jiya takarda ta zo, ni anka ɗauka.

Don Allah me ya hana ka faɗa mini a fili? Layi ɗaya ya isa. Da ka ce, Ladi, kujerar nan tawa ce, ki janye, wallahi da na janye, ina da aikina ina da 'yan makarantata. Ka bar ni na ajiye aiki, an riga an kawo wata a gurbina. Ka bar ni na yi maka godiya a rubuce. Yanzu in na karɓa na ci amanar ɗan'uwana, in na ƙi na zauna babu aiki ga Inna a kwance. Kai ka kira ni. Ka gaya mini abin da zan yi.

Ladi

Shanga, Satumba 1971

Ladi,

Na sami takardarki, ta biyo ni har nan. Muna lafiya gwargwado. Ma'aikatar ilimi ta turo ni wata sabuwar makaranta kusa da Shanga. Babu ɗakin gwaje-gwaje, babu wuta, allo ma sai da na sa aka shafe bango da baƙin fenti. Hadiza da yara suna gidan Baba a Yelwa kafin in sami muhalli.

Kin ce ban faɗa miki ba. Na faɗa. Na rubuta ɗaya, na sake rubuta ɗaya, na gaya miki watan da aikina zai ƙare. Me ya rage? Mutumin da ya tsaya gaban hukuma yana cewa a buɗe wa 'yan'uwansa ƙofa, da wane baki zai rubuta wa ƙanwarsa cewa kada ta zo don wurin nasa ne? Ke mai digirin da ya fi nawa, na zaci za ki gane.

Ga abin da shugaban sashe ya gaya mini ranar da ya kira ni. Ya ce kwamiti ya nemi mutum ɗaya daga yankinmu, kuma ai ga ni, an riga an cika. Amma tunda kwantiragina ya zo ƙarshe, adalci shi ne a buɗe kujerar ga duk ɗan yankin, wanda ya fi ya samu. Ya yaba mini da na kawo sunanki. Ya ce ke mace ce, kuma daga ƙaramar ƙabila, kuma daga cikin waɗanda dam ya tasa, ni kuwa Bahaushe ne kamar sauran. Shekara uku a ɗakin shayin nan 'yan birni suna ce mini ɗan bakin ruwa, ranar da za a raba kujera na zama Bahaushe.

Aikin digirina ya tsaya, ba a yinsa babu kayan aiki. A kasuwar Yelwa ana cewa mace ta ture ɗan Alhaji Shu'aibu. Baba ya ce kada wanda ya sake ambatar gidanku a gabansa.

Kin tambaye ni abin da za ki yi. Ki karɓa. In kin ƙi ba ni za a ba ba, za a rubuta cewa an ba Yauri ta ƙi. Abu ɗaya kawai nake roƙo, ki daina rantsuwa cewa da kin janye. Kin gan ni na shiga, kin gane komai, ke da kanki kika faɗa. Ƙofar fita tana nan a buɗe. Da aka kira sunanki kin tashi kin shiga.

Sahabi

Jami'a, Maris 1972

Yaya Sahabi,

Gaisuwa irin ta zumunci, ko ka karɓa ko ba ka karɓa ba. Ina fatan iyali sun iso wurinka, kun sami gida. Ni ina nan lahiya.

Wata shida ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Gaskiya ka faɗa, na shiga. Ina zaune a bencin nan na yi tunanin tashi, na yi tunanin abin da zan gaya wa Inna in na koma, kuma ba zan ɓoye ba, na so aikin. Ban san ina sonsa haka ba sai da na ga zai kuɓuce. Ba zan sake rantsuwa ba. Amma kai ma ka san mutum ba ya rubuta abin da ya shafi abincin 'ya'yansa da zaurance.

Bari in ba ka labarin kujerarka. Sau biyu sashe ya tafi aikin ruwa a Kainji, sau biyu an bar ni. Shugaban sashe ya ce jirgi ba wurin mace ba ne, kuma babu makwancin da ya dace. Na ce a cikin jirgi anka yaye ni. Ya yi dariya, ya ce zai duba. Su tafi su kawo kifi a kwalba, ni in rubuta suna in liƙa. An ɗora mini kula da ɗakunan kwanan 'yan mata, yawancin lokacina a can yake ƙarewa, rabon faɗa da neman mai gyaran famfo. Amma duk ran da baƙi sunka zo daga waje, za a aiko a ce in sa farar riga in tsaya kusa da madubin gwaji. Ana gabatar da ni da sunan gunguna kafin a faɗi nawa.

Rahoton kwamitinka ya fito. A ƙarƙashin sashenmu an rubuta: daga yankunan da anka bari a baya, ɗaya; mata, ɗaya; ƙananan ƙabilu, ɗaya. Wanda bai sani ba sai ya ce mutum uku anka ɗauka. An yaba wa sashen, an ce kwamiti ya gama aikinsa, an rushe shi. Abokinka na Zuru shi ma ya bar nan, na Binuwai ba ya gaishe ni.

An ɗauki sababbin masu digiri na biyu. Babu ɗan bakin ruwa, babu mace. Na tashi a taron sashe na yi magana, wani ya ce, "Haba Malama, ai ga ki nan." Anka yi dariya anka wuce zuwa batun motar sashe.

Kwalaben kifin gargaza na aikin digirinka suna nan, na killace su a kabad ɗina don kada a zubar. In kana son ka ƙarasa aikinka, zan yi maka awon in aiko.

Roƙo ɗaya. Ka fi ni kusa da Wara. Inna ba ta san abin da ya shiga tsakaninmu ba, tana tambayarka. In ka sami dama ka leƙa ta.

Ƙanwarka,
Ladi

Shanga, Nuwamba 1972

Ladi,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina yi miki ta'aziyyar Inna Altine. Allah ya jiƙanta, ya ba ku haƙuri ke da Dogo.

Ban amsa takardarki ta Maris ba, amma na riƙa zuwa Wara kamar yadda kika roƙa. Ba don ke ba, don ita. Ta goye ni ina yaro ranar da Baba ya kai ni gungu.

Da Dogo ya aiko cewa jiki ya yi tsanani na bi jirgi na je, na tarar ba ta iya tashi. Ni da kaina na je gidan waya na buga miki tangaraho ta ofishin sashenku, da kwanaki kafin ta cika. Kullum tana tambaya, kullum ina ce mata kina hanya. Ta sa an cire ta daga ɗakin siminti an mayar da ita bukka. A ƙarshe ta daina Hausa, sai Gunganci, ni kuwa ban ji. Dogo ya fita nemo mai allura. Ta riƙe hannuna ta yi magana mai tsawo, na ji sunanki a ciki, sauran ban san abin da ta ce ba. Babu wanda zai iya gaya miki.

Mun kai ta bayan azahar. Ƙasar ta ba masu haƙa wahala. Na zauna har aka yi sadakar uku, ba ki zo ba, na koma bakin aikina. Mata suna ta tambaya, na ce nisa ne.

Sahabi

Jami'a, Mayu 1973

Yaya Sahabi,

Gaisuwa da godiyar da ban san yadda zan yi ta ba. Allah ya biya ka abin da ka yi wa Inna. Yaya Hadiza da yara?

Na isa Wara ka riga ka tafi. Dogo bai yi mini magana ba sai da na kwana biyu. Ya kamata ka san dalili, ko da bai amfana komai ba. Wayarka ta iso ofis a makon da muke jiran baƙi daga ƙungiyar da ke ɗaukar nauyin binciken kifi. Ba a ba ni ita ba. Baƙi sunka zo, na sa farar riga, na tsaya inda na saba tsayawa, anka ɗauki hoto, na raka su har mota. Da sunka tafi shugaban sashe ya miƙo mini takardar. Ya ce ya ga bai kamata a tayar mini da hankali a irin wanga mako ba, kuma bai zaci abin ya yi tsanani haka ba. Ya ba ni motar sashe. Ya ce in ɗauki hutu yadda nake so.

A hanya na rubuta takardar barin aiki. Ban miƙa ta ba. Dogo ne ya ce, in na bari, to a kan me Inna ta mutu ba ta gan ni ba? Na dawo. Ina gaishe da mutumin nan kowace safiya.

Ga dalilin rubutuna. Za su tura ni Ingila in yi digiri na uku, shekara uku. Ina zaton kunyar abin da sunka yi mini ce ta sa. Na ce ba zan tafi ba sai an sa ɗan yankinmu a gurbina, na kuma faɗi sunanka. Na nemi a mayar da ita kujera ta biyu ta dindindin, sunka ce babu hali, amma sun yarda ka zo riƙon ƙwarya har in dawo. Za a ba ka gida, za ka ƙarasa digirinka. Wanga karon na rubuta komai a fili, don kada wani ya karanta abin da ba a rubuta ba. Shekara uku ce, in na dawo kujerar tawa ce, ban san abin da zai biyo baya ba. Iyakar abin da na iya samowa ke nan. Don Allah ka zo.

Ƙanwarka,
Ladi

Shanga, Yuli 1973

Ladi,

Muna lafiya. Ruwa ya yi ƙaranci bana, gero yana wahala. Hadiza ta sake haihuwa, an sami mace, na sa mata Altine. Baba bai zo suna ba.

Na karanta abin da aka yi miki a kan wayar nan. Na daɗe ina riƙe da ke a kan rashin zuwanki, na sauke wannan. Allah ya isa tsakaninki da shi.

Maganar aiki kuwa, na gode, ba zan zo ba. Hadiza ta yi kuka ta ce in karɓa, na kwana biyu ina juya abin. Amma ba zan kwashi yara in kai su gidan da ke da wuta da famfo, su saba, sannan in sake ɗaure kaya ranar da jirginki ya sauka ba. Ba zan kuma zauna shekara uku ina addu'a a ɓoye kada ki dawo ba, don na san kaina, zan yi. Ki gaya musu ɗan Yauri ya ƙi. Su rubuta yadda suka ga dama. Kwalaben nan ki zubar, kifin ya daɗe.

Ki tafi karatunki, ki yi shi da kyau. Tunda mutum ɗaya suke so, ya zama wanda ba za su iya bari a tudu ba in za a shiga jirgi.

Hotonki da baƙin nan ya fito a jarida. Shugaban makarantarmu ya yanke shi ya manna a bangon ajina, ya ce yara su ga 'yar ƙasarsu. Sai da takardarki ta zo na san ranar da aka ɗauke shi. Ban cire ba, don ban san abin da zan ce masa ba.

Akwai wata yarinya a aji uku, Zuliha, 'yar masunta ce daga gefen Ngaski. Ta fi duk mazan ajin. Shekaranjiya bayan an tashi ta tsaya gaban hoton, ta tambaye ni abin da mutum zai karanta ya kai inda kika kai. Na lissafa mata darussan, ta rubuta a tafin hannunta. Ban ƙara komai a kai ba. Tana da kai, tana iya isowa. In ta iso ta tarar da ke a can, ke za ki gaya mata sauran.

Allah ya kiyaye hanya.

Sahabi